Ofishin Hedimasta a Firamaren Karkara

Makarantar firamare ta gwamnati a karkarar arewacin Nijeriya takan zauna ne a bakin gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, kuma wadda ake magana a kanta a nan, da ke wani gari mai kasuwa a ƙasar Kano, ba ta saɓa wa wannan tsari ba. Jerin azuzuwa ne masu rufin kwano, da fili mai itatuwan darbejiya inda yara ke yin layi da safe, da wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda wanda ake kira ofis. A ɗakin nan ake ajiye rajistar kowane aji, da littafin da malamai ke sa hannu idan sun iso, da kundin da ake rubuta muhimman abubuwan da suka faru a makarantar, da kwalin alli wanda ake rabawa da ƙidaya. Mai zama a cikinsa shi ne hedimasta, wato shugaban makaranta, kuma kusan ko da yaushe malamin aji ne wanda takarda guda ta ɗauke shi daga gaban allo ta zaunar da shi bayan tebur.

Takardar takan fito ne ta hannun Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma, wadda Sakataren Ilimi ke shugabanta, ita kuma tana ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, bisa tsarin da dokar tarayya ta 2004 ta shimfiɗa. Abin da aka fi dubawa shi ne daɗewa a aiki da matakin albashi da takardar shaidar malanta ta NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da aka yarda a koyar da shi, ko da yake ba a rasa inda sanayya ke shiga. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko mutumin ya taɓa koyon shugabanci. Kwalejin ilimi ta horar da shi ne a kan yadda zai koyar da yaro, ba yadda zai gyara wa babban mutum kuskurensa ba, kuma duk da akwai cibiyoyi irin su Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976, da cibiyar tsare-tsare da gudanar da ilimi da ke Ondo, horon da ke isowa ƙauye yawanci bita ce ta 'yan kwanaki, wadda ke zuwa bayan an riga an ɗora masa nauyin. Ta haka makaranta kan yi asara sau biyu: aji ya rasa ƙwararren malami, ofis kuma ya sami ɗan koyo.

Aikin yini yana farawa tun kafin a buga ƙararrawa, wadda a nan tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen itace. Hedimasta zai duba waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba, ya sa hannu a tsarin darasi, wato bayanin da kowane malami ke rubutawa kan abin da zai koyar da yadda zai koyar da shi, sannan ya san yadda zai yi da ajin da malaminsa bai iso ba, ko ya haɗe shi da wani, ko ya ɗauki alli ya shiga da kansa. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35, amma a ƙananan azuzuwan makarantar yara kan zauna a ƙasa har bakin ƙofa. Yawan nan ma ba ya tsayawa wuri guda, domin ranar kasuwa 'yan mata na tafiya talla, da damina kuma maza na bin iyayensu gona, har rajista ta cika da sunayen da ba a ga masu su ba sai bayan kaka.

Babbar matsalar kujerar ita ce nauyinta ya fi ikonta. Hedimasta ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke biyansa ba, tunda albashi ta banki yake shiga, ba shi kuma ke iya sauya masa wurin aiki ba. Iyakar abin da ke hannunsa shi ne ya ba da takardar tuhuma ko ya kai rahoto ƙaramar hukuma, inda mai yiwuwa wanda ake ƙarar yana da wanda zai tsaya masa. Ga kuma kunya, wadda littattafan gudanarwa ba su san da ita ba: mutanen da zai tsawata wa su ne waɗanda jiya suke cin abinci tare a inuwa ɗaya lokacin tara, wani ya girme shi, wani surukinsa ne, wani ma shi ya koyar da shi yana yaro. Shugaban da ya dogara da tsawa a irin wannan wuri ba ya daɗewa kafin malamai su koyi sa hannu su ɓace, wanda kuma kunya ta rufe wa baki yakan wayi gari makarantar ta zama wurin hira.

Waɗanda suka yi nasara, kuma wannan makaranta ta ga irinsu, sukan gina ikonsu ne daga abin da suka zo da shi daga aji. Irin wannan shugaba yana riga kowa zuwa, don haka idan ya yi maganar makara ba mai iya kallon idonsa ya musa. Yana shiga aji ya zauna a bencin baya har darasi ya ƙare, ya lura da ko malamin yana jefa tambaya ga 'yan gaba kawai, ko yara suna maimaita abin da ke allo da baki ɗaya alhali ba wanda zai iya nuna harafin da ake faɗa, sannan ya kira malamin ofis su biyu, ba a gaban yara ba, ya fara da abin da ya yi daidai kafin ya zo kan gyara. Hukuncin da ya fi nuna zurfin tunaninsa shi ne rabon azuzuwa. Al'ada ta sa ana kai gwanin malami aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare, a bar aji ɗaya ga sabon zuwa, alhali yaron da ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba da wuya ya kamo sauran. Hedimastan da ya mayar da gwaninsa aji ɗaya zai sha ƙorafi, domin wasu malamai na ɗaukar hakan rage daraja, kuma amfanin ba zai bayyana ba sai bayan shekaru, wataƙila bayan an ɗauke shi daga makarantar, amma shi ne daidai.

Rabin aikin kuwa a wajen makaranta yake. Idan iskar farkon damina ta yaye rufin aji, ba kuɗi a ofis da za a gyara, sai a koma ga kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda ya haɗa da dagaci ko wakilinsa, da liman, da wakilan iyaye mata da na tsofaffin ɗalibai da masu sana'a. Kwamitin yana aiki ne gwargwadon yardar da gari ya yi da hedimasta, kuma yardar tana samuwa ne daga zuwa jana'iza da suna, da bayyana abin da aka tara da inda aka kashe shi, da zama a zauren uban da ya cire 'yarsa daga aji biyar a yi magana cikin mutunci. Arewa ta daɗe da sanin cewa wannan aiki makarantar shugabanci ne, domin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe makarantar Midil ta Bauchi, Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu, Malam Aminu Kano kuma ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Maru, duk kafin su yi suna a siyasa.

Daga wannan kujera hanya takan kai wasu ƙaramar hukuma a matsayin masu duba makarantu, wasu kuma su zauna har ritaya, wadda dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga wa malamai zuwa shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki. Ranar tafiya, mai barin gado zai rubuta takardar miƙa aiki, ya lissafa bencina da rajistoci da littattafan da ke cikin kabad, ya ba magajinsa makulli. Sanin wane malami ne ke buƙatar a zauna masa a aji, da wane gida ne ake shiga ta hannun liman, ba ya cikin takardar, kuma sai a makarantun da shugaba ya riƙa jan mataimakinsa a jiki, yana tura shi taron kwamiti da duba darasi tun da sauran lokaci, sabon hedimasta ke karɓar makullin da wannan sani a hannunsa.