Ciwon sukari a Matameye: abin da awon safe ba ya gani

A Matameye, ƙasar rake, mai ciwon sukari yakan sammaka asibiti, a soki yatsansa, a faɗa masa lamba guda. Sai dai sukarin jini ba ya zama wuri ɗaya. Yakan hau bayan furar rana ko shayi mai zaƙi. Yakan faɗi cikin dare, ko sa'ad da ɗan kasuwa ya yi allurar insulin ya kama hanyar Daura bai karya ba. In ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, sai gumi da makyarkyata, wani lokaci har suma.

Tun 2014 ake sayar da FreeStyle Libre a Turai: ɗan maɓalli ne da ake mannawa a bayan damtse, yana awo dare da rana har kwana 14, sannan a sake sabo. A Faransa, asusun inshorar lafiya yana biya wa masu allura da yawa tun 2017. A nan kuwa aljihun majinyaci ne zai ɗauki nauyin, kowane mako biyu.

Wanda ba shi da wannan hali, ya riƙa awon yatsa a lokuta dabam-dabam yana rubutawa don likita, kada kuma dunƙulen sukari uku su rabu da aljihunsa.