Damagum: Inda dokokin Abuja ke sauka a kan gona, gado da sarauta

Duk matafiyin da ya taso daga Potiskum zuwa Damaturu sai ya ratsa Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune a Jihar Yobe. A idon mai wucewa, garin manoma da makiyaya ne a bakin titi. Amma matashin garin da ke neman gurbin karatun lauya a Jami'ar Jihar Yobe, darasinsa na farko yana ƙofar gidansu, domin kusan duk wani iko da ake taƙama da shi a Damagum, doka ce ta shata masa iyaka.

A fara da gona. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Sai dai Sashe na 6 ya bar wa ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara: har hekta 500 domin noma, hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya haura haka kuma sai da yardar gwamna. Ke nan idan gona ta ci burtali, ko shanu suka afka wa gero kafin girbi, tushen rigimar yakan koma kan tambaya guda: wa ya ba da filin, kuma da wane hurumi? Manomi na ganin gonar kakansa ce, doka kuwa izinin amfani kawai ta san ya riƙe. Gyara wannan doka ba abu ne mai sauƙi ba, domin Sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya.

Idan mai gonar ya rasu kuwa, sai wata dokar ta karɓi zancen. Rabon gadon Musulmi na bin shari'ar Musulunci, kuma Sashe na 277 na kundin ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron ƙorafi kan aure, gado, kyauta da waƙafi. Fili ɗaya, dokoki biyu, kuma dole lauya ya laƙanci dukkansu.

Sarauta ma ba ta tsira ba. A 1993 Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙara yawan masarautun Yobe daga huɗu zuwa 13, sojoji suka soke, ya sake maido da su a 2000. A yau Damagum ce mazaunin Sarkin Fune.

Haka siyasa. A watan Maris na 2023, umarnin wata Babbar Kotu a Makurdi ne ya dakatar da Iyorchia Ayu daga shugabancin PDP, abin da ya sa ɗan garin, Umar Iliya Damagum, ya zama shugaban riƙo na jam'iyyar.

Babbar jarrabawar ita ce kuɗi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, alhali ƙaramar hukumar da ba ta riƙe da kuɗinta ba za ta iya auna fili, ta kafa alamun burtali, ta adana rajista ba.

A nan ne zancen ya dawo Abuja. Wasiƙar da ta kwana wata guda a kan teburin wani jami'i, a Fune tana iya zama damina guda da aka shuka a kan hanyar shanu. Ɗalibin Damagum zai karanta Sashe na 6 a aji, amma ba a aji zai gane ko yana aiki ba, sai ranar da makiyaya suka gangaro bayan ɗaukewar ruwa.