Katsewa da Tangarɗa a Kwamfutar Kwaikwayo Mai Hawa Biyu

Kwamfutar kwaikwayo wata manhaja ce da ke kwaikwayon na'ura sukutum, har a ɗora mata babbar manhaja irin su Linux ko Windows, ta yi aiki tamkar ita kaɗai ce a kan injin. Manhajar da ke raba mata lokacin aiki da ma'adana ita ake kira mai-kula. Kamfanin IBM ya fitar da irin wannan tsari, mai suna VM/370, tun a 1972. Intel ta sanya shi cikin furosesa a 2005, AMD kuma a 2006.

Idan aka ɗora wani mai-kula a cikin kwamfutar kwaikwayo, shi ma ya buɗe tasa, an sami hawa biyu ke nan. Masana kan kira mai-kula na ƙasa L0, na tsakiya L1, baƙon da ke can sama kuma L2.

Abubuwa biyu ne ke tsayar da furosesa tana cikin aiki. Na farko shi ne katsewa, wato saƙon da ke zuwa daga waje, kamar daga agogon na'ura, ko faifan ajiya, ko katin intanet. Na biyu shi ne tangarɗa, wadda ke fitowa daga umarnin da ake aiwatarwa, kamar raba lamba da sifiri, ko neman shafin da ba ya cikin ma'adana. A furosesa ta x86 akwai lambobi 256 na irin waɗannan al'amura. An keɓe 0 zuwa 31 domin tangarɗa: 0 ta rabawa da sifiri ce, 14 kuma ta rashin shafi.

Matsalar ita ce, furosesar mai-kula ɗaya kawai ta sani. Duk lokacin da aka tsayar da L2 domin a miƙa al'amari ga mai-kula, to, hannun L0 yake faɗawa, ko da kuwa L1 ne ya nemi a sanar da shi. Abin ya yi kama da gidan da ɗan haya ya sauki baƙo a ɗakinsa: duk wanda ya yi sallama a zaure, maigida ne zai amsa, sa'an nan ya duba wa ake nema.

Don haka L0 yakan duba jerin abubuwan da L1 ya ce yana son gani. Jerin tangarɗa gurbi 32 gare shi, kowace lamba da nata. Idan L1 ya nemi al'amarin, sai L0 ya rubuta masa dalilin tsayawar, ya tashe shi kamar furosesa ce da kanta ta kira shi. Idan bai nema ba, sai L0 ya warware abin, ko ya cusa shi cikin L2 kai tsaye.

Akwai wuri mai haɗari a nan. Wani lokaci ana tsakar isar da katsewa ga L2 sai wata tangarɗa ta auku, aikin ya tsaya bai kammala ba. Furosesa takan ajiye bayanin abin da ake isarwa, kuma wajibi ne mai-kula ya sake cusa shi. In ya manta, saƙon ya ɓace, L2 na iya zama jiran faifan da ya riga ya gama aiki, har na'urar ta daskare.

Sai kuma batun jinkiri. Domin amsa tsayawa ɗaya ta L2, L1 yakan yi umarni da yawa waɗanda su ma sai sun bi ta hannun L0, tsayawa ɗaya ta haifi masu yawa. Masu binciken IBM sun bayyana wannan a aikinsu mai suna Turtles a 2010, wanda suka gina kan KVM, mai-kula na Linux. A 2013 Intel ta fito da dabarar da ke barin L1 ya karanta, ya kuma rubuta, yawancin bayanan baƙonsa ba tare da an tashi L0 ba. Wannan ya rage jinkirin ƙwarai, amma har yanzu L0 ne ke yanke hukuncin inda kowace katsewa za ta tafi.