Filatinam da Neman Madadinsa a Haɗa Silikon-Haidirojin da Alkin

Takardar da ake ɓare sitika daga jikinta, da kan bulumbotin jarirai, da ƙullun da likita ke ɗaukar siffar haƙora da shi, galibi aikin kimiyya guda ne ke samar da su, wato haidirosilileshan. A wannan aiki, sinadari mai ɗauke da silikon manne da haidirojin yakan haɗu da alkin, sinadarin da ke da tagwayen ɗauri tsakanin ƙwayoyin kabon biyu. Ɗauri ɗaya ya kwance, silikon ya kama kabon na ƙarshe, haidirojin ya kama maƙwabcinsa.

Sinadaran biyu ba su haɗuwa don kansu sai da katalis, wanda matsayinsa tamkar na dillali ne: ya ƙulla ciniki, ya koma gefe. A 1957 John Speier na kamfanin Dow Corning a Amurka ya nuna cewa ɗan mitsitsin asid na filatinam ya wadatar. A 1965 Chalk da Harrod suka fayyace yadda abin ke gudana: filatinam yakan kutsa tsakanin silikon da haidirojin ya raba su, ya riƙo alkin, ya miƙa masa haidirojin, sannan ya saki silikon a kansa. Katalis ɗin Karstedt na 1973 ya zarce na Speier domin yana narkewa sarai cikin man silikon, shi ne kuma masana'antu suka fi dogara da shi har yau.

Sai dai a nan dillalin ba ya fita daga kasuwa. Da zarar roba ta daskare, filatinam ya maƙale a cikinta ke nan. An ƙiyasta cewa a 2007 masana'antun silikon sun lashe kimanin tan 5.6 na wannan ƙarfe, wanda akasarinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Ga shi kuma da tsirfa: ɓurɓushin farar wuta da ke jikin wasu safar hannu na roba kan hana ƙullun haƙora daskarewa.

Wannan ya sa aka karkata ga ƙarafa masu araha. A 2012 ayarin Paul Chirik na Jami'ar Princeton ya gabatar da katalis na baƙin ƙarfe mai sauri, wanda ke ɗora silikon daidai inda ake so. Rauninsa shi ne iska da danshi na lalata shi, alhali ma'aikatar da ke shafe takarda da silikon a sarari take aikinta.