Tsakanin Yashi da Tayar Tirela

Hanyar da ta tashi daga Maraɗi, ta ratsa ƙasar Madarumfa, ta bi ta Ɗan Isa har Jibiya, tana da masu ita: tireloli masu jigilar kaya tsakanin Nijar da Najeriya, motocin haya da aka loda har bisa rufi, 'yan kabu-kabu, sai amalanken shanu da ba ya sauri don kowa. Rabon mai keke yana can gefe, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Ɗalibi ne, ko mai lambu da buhun kayan miya a kariya, ko masunci da ya ɗauko kifi daga tafkin Madarumfa yana son isa kasuwa kafin rana ta taɓa shi.

Gefen nan shi ne tarkon. Iska da ruwan damina suna tara yashi a bakin kwalta, siririyar tayar keke kuwa da ta faɗa ciki sai kai ya karkace. Don ya kauce, mai keke yakan shigo tsakiya bai waiwaya ba, daidai lokacin da mota ke tafe. Idan tirela ce, abin ya fi muni. Direbanta yana zaune a sama, kuma akwai wani yanki a damansa, dab da jikin motar, da madubi ba ya nuna masa. Da yake hannun dama ake bi a Nijar, nan ne mazaunin mai keke. In za ta karya kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa ciki suke yi su haɗa da duk wanda ya raɓe ta. Gara a ja birki a bar ta ta wuce.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur. Hukumar ta kuma nuna cewa in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge a ƙafa yana ninkawa sau huɗu da rabi. Mai keke bai fi shi garkuwa ba.

Sai magariba, musamman lokacin hazo. Kowa na sauri ya samu salla, ƙura ta turnuƙe, kekuna da yawa ba fitila ba kararrawa, wani ma da silifa yake taka birki. A nan laifin na mai keke ne, kuma gyaran ba shi da tsada: 'yar tocila a gaba, jan madubi mai ƙyalli a baya, riga mai haske, da sabuwar robar birki wurin mai faci.

Sauran aikin ya fi ƙarfin mai keke. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijar, ANISER, tana faɗakarwa, amma faɗakarwa ba ta share yashi. Wannan na hukumomin gari ne da ma'aikatar hanyoyi: a kwashe yashin bakin kwalta bayan damina, a cike ramuka, a sa tudun rage gudu a ƙofar makarantu da bakin kasuwa, inda masana harkar hanya ke ba da shawarar kada mota ta wuce kilomita 30 a awa.