Cunkushen Mama da Abin da Hoto Ba Ya Nunawa

Tun ranar 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta wa duk asibitin da ke ɗaukar hoton mama, wato mamogiram, ya sanar da mace a rubuce ko mamanta mai cunkushen nama ne ko a'a, maganar nan take yawo har ta iso wayoyin matanmu, sai dai ta iso da ƙari da ragi, wasu na cewa wai sabuwar cuta aka gano, wasu kuwa wai hoton ne ya tashi daga aiki. Dukansu biyu babu mai hujja.

A halittar mama akwai kitse, akwai kuma naman da ke samar da nono tare da zaruruwan da ke riƙe da shi, kuma idan wannan na biyun ya rinjayi kitsen, shi ne likitoci ke cewa maman ya cunkushe. Kusan rabin matan Amurka da suka haura shekara 40 haka suke, galibi kuma cunkoson yana raguwa bayan ɗaukewar haila. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mata ke lalubar jikinsu suna yanke wa kansu hukunci, wannan ta ce nata da tauri don haka tana cikin haɗari, waccan ta ce nata da taushi don haka ta kuɓuta, alhali kuwa girma ko tauri ba su da alaƙa da mas'alar, kuma hannu ba ya gane ta, ko da na ƙwararren likita ne, sai hoton kaɗai ke rarrabe ta zuwa daraja huɗu.

Illar cunkoson iri biyu ce. Yana ƙara yiwuwar kamuwa da sankara gwargwado, amma babbar illarsa ita ce ɓoyewa, domin a hoton kitse duhu yake fitowa, naman nan kuwa fari, ƙullutun sankara shi ma fari. Duk macen da ta taɓa tsintar shinkafa ta san baƙar tsakuwa ba ta da wuyar gani, farar ce ke sajewa da tsaba ta wuce ido, ba a sanin da ita sai haƙori ya ci karo da ita. To, haka likita yake fama da hoton cunkushen mama, ta yiwu ya duba da iyakar ijtihadinsa ya rubuta lafiya lau, alhali abin yana nan kwance.

Haka ta faru ga Nancy Cappello, wata malama a jihar Konetikat, wadda a 2004, 'yan makonni bayan an shaida mata hotonta ba kome, aka same ta da sankarar da ta riga ta yi nisa, sannan ne ta fara jin cewa mamanta cunkushe yake, abin da masu duba hotunanta suka daɗe da sani. Fafutukarta ce ta sa jihar ta kafa dokar sanarwa ta farko a 2009, ita kuwa ta rasu a 2018. A ganina ɓoye wa mutum labarin jikinsa tauye amana ne, ko da an yi shi da niyyar kada a tayar masa da hankali.

Sai dai abin da za a yi bayan sanarwar, nan ne masana suka yi saɓani. A wani bincike na ƙasar Holan da aka buga a 2019, wanda ya ƙunshi mata fiye da 40,000 masu matsanancin cunkoso, gayyatar su ƙarin gwajin MRI ta rage sankarar da ke ɓullowa tsakanin gwaji da gwaji daga 5 cikin 1,000 zuwa 2.5, amma kuma an tsoratar da mata da yawa a kan abin da daga bisani ya tabbata ba kome ba ne. Kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi, a 2024, ya ce a fara mamogiram daga shekara 40, duk bayan shekara biyu, amma hujjar ƙarin gwaji ba ta kai ga yaƙini ba tukuna. Dokar sanarwar ta 2024 kuwa ba ta ɗora wa kowa biyan kuɗin gwaji na biyu ba, wannan kuma giɓi ne da bai kamata mahukunta su bari ba.

A wajenmu, inda na'urar mamogiram ba ta cika wuce manyan asibitocin birane ba, kuma akasarin masu cutar sai ta yi nisa suke zuwa, da yawansu ma da sauran ƙuruciyarsu, lokacin da cunkoso ya fi yawa, wadda ta samu damar yin hoton kada ta bari, ta kuma tambayi likita darajar cunkosonta da ko tana bukatar ƙarin sikanin. Wadda kuwa ta ji ƙullutu, ko ta ga kan nono ya lotsa, ko jini na fita daga gare shi, wajibi ne ta koma asibiti a bincika, ko da takardar da ke hannunta ta ce lafiya lau.