Kananzir a Gorar Lemo: Kafin Ki Ba Yaro Manja

Uwargida, leƙa bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado. A cikin me kika zuba kananzir ɗin da aka sayo miki? A gidaje da yawa daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, amsar ita ce gorar lemo ko ta ruwan sha. Yaro ɗan shekara biyu da ƙishin watan Afrilu ya kama, shi ruwa yake gani.

Daga ɗanyen mai ake tace kananzir, kuma aikinsa bai tsaya kan risho da fitila ba. Yana narkar da maiƙo, shi ya sa bakanike ke wanke hannu da shi, mai fenti kuma ke jiƙa buroshinsa a ciki. Ba ya gaurayuwa da ruwa, samansa yake hawa. Don haka idan ya kama wuta, ruwa ƙara watsa ta zai yi. Yashi ake zubawa.

Idan yaro ya sha, haɗarin da ya fi girma ba a cikinsa yake ba, a huhu yake. Kananzir ba shi da kauri, yana silalewa cikin maƙoshi nan take, kuma abin da bai cika cokalin shayi ba yana iya ƙona huhu. A nan ne al'adarmu ke cutar da yara. Da an ji warinsa a bakin yaro, sai a ɗura masa manja ko madara, wata ma ta zura masa yatsa don ya amayar. Niyyar alheri ce, amma aman nan shi ke dawo da kananzir ya shiga hanyar numfashi.

Kada ki sa shi amai, kada ki ɗura masa komai. Cire masa rigar da ta jiƙe, ki wanke masa jiki da sabulu, ki riƙe shi a zaune, ku nufi babban asibitin Ikara ko na Makarfi da gorar a hannu. Ko ya koma wasa, a kai shi, domin tari, haki da zazzaɓi kan iya bayyana bayan sa'o'i. Idan abin ya yi tsanani, za a tura ku Shika.

Mai shafa wa 'yarta kananzir a ka don kwarkwata, ita ma ta daina. Yana ƙona fata, ga kuma murhu kusa.

Ki nemi jarka mai murfin da ake murɗawa, ki ajiye ta inda sai babba ya miƙa hannu.